Tattakin Kaka a Bakin Kogi: Rhine, Mosel, Wachau ko Douro?

Wanda ya samu hutun mako guda a Turai tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba, yana kuma son ya taka sayyada a bakin kogi maimakon zagayen kantuna, sunaye huɗu ne za su yi ta dawo masa: Rhine da Mosel a Jamus, Wachau a gefen kogin Danube a Ostiriya, sai Douro a arewacin Fotugal. A hoto duk kamarsu ɗaya. Kogi na lanƙwasa a ƙasa, gonakin inabi sun hau tudu hawa-hawa irin na tsaunin Sukur a Adamawa, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Amma a ƙafa ba ɗaya ba ne, a aljihu ma haka.

Gara a faɗi abin da ke ran mai karatu tun da wuri. Yawancin inabin nan giya ake yi da shi, kuma kaka ce lokacin girbinsa da bukukuwansa. Wannan bai hana wanda ba ya sha tafiya ba, don hanya da kogi da duwatsu na kowa ne. Sai dai wuraren sun bambanta wajen yadda harkar giya ta cika su, kuma wannan yana cikin abin da zan auna.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko kuɗi: masauki da sufuri, su ne ke cin aljihu. Na biyu, ko mutum zai iya yi ba tare da hayar mota ba. A ganina wannan ne babban ma'auni, domin mai tattaki yana tashi daga wani gari ya sauka a wani, kuma in babu jirgin ƙasa da zai mayar da shi masauki, ranarsa ta lalace. Na uku ita kanta hanyar: tsawonta, alamominta, da yadda take cin gwiwa. Na huɗu, har yaushe kakar take kaiwa kafin sanyi ya sa a fara rufe ƙofofi. Na biyar haɗari. Na shida ci da sha.

Akwai kuɗin da ba ya canzawa ko ina aka zaɓa. Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ce, Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. A ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema, don haka zaɓin kogi yana zuwa kafin neman biza, ba bayansa ba. Lambar neman agaji a ko'ina 112 ce.

Rhine

Hanyar tattakin ana kiranta Rheinsteig. An buɗe ta a 2005, tsawonta kilomita 320 daga Bonn zuwa Wiesbaden, an kasa ta zango 21. Ba wanda ya ce sai ka gama ta. Inda daɗin yake shi ne kilomita 65 da ke tsakanin Rüdesheim da Koblenz, yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2002, inda tsofaffin fadoji masu ganuwa kusan 40 suke tsaye a kan duwatsu. Da yawansu don karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake aka gina su. Ta garin Kaub, wato Pfalzgrafenstein, a tsakiyar ruwa take zaune kamar jirgin da ya kafe.

Wajen sufuri babu na biyunta. Layin dogo ya bi gaɓa biyu na kogin, kusan kowane gari da tasharsa, kuma daga Frankfurt, inda jiragen Lufthansa daga Abuja da Legas ke sauka, awa ɗaya da 'yan mintuna ce zuwa Rüdesheim. Kana iya kama ɗaki ɗaya na mako guda, kullum ka hau jirgi zuwa farkon zango, ka taka da 'yar jaka mara nauyi, da yamma ka dawo. Akwai tikitin wata da ake kira Deutschlandticket, Yuro 63 a 2026, wanda ke ɗaukar mutum a duk ƙananan jiragen ƙasa da motocin bas na Jamus, ban da jirage masu gudu irin su ICE. Tarko biyu gare shi. Na ɗaya, rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba sai a cire maka kuɗin wata mai zuwa. Na biyu, da watan kalanda yake aiki, don haka wanda tafiyarsa ta faro 28 ga Satumba ta ƙare 4 ga Oktoba, wata biyu zai biya. Babu gada a kan kogin tsakanin Mainz da Koblenz, da jirgin fito ake tsallakawa, kuma wasu daga cikinsu daban ake biya, da 'yan Yuro kaɗan.

Kada kalmar "bakin kogi" ta ruɗe ka. Hanyar ba a gaɓa take ba, a kan tudu take, kuma duk lokacin da wani ƙaramin rafi ya shigo kogin sai ka gangara kwarinsa ka sake hawa. Zangon da ya fi suna, daga Kaub zuwa St. Goarshausen ta kan dutsen Loreley, ya kai kusan kilomita 22, yini ne cur, kuma washegari cinyoyi za su ba da labari. Ɓata kuwa yana da wuya: farin harafin R a kan shuɗi yana manne a bishiya da dutse duk inda hanya ta rabu.

Aibinta ƙara. Jiragen ƙasa na kaya suna bin kwarin dare da rana, duwatsun kuma suna mayar da amo. Kafin ka biya ɗaki, duba taswira ka ga nisansa da layin dogo. Rüdesheim kuma, musamman lungun Drosselgasse, cike yake da mashaya da 'yan yawon buɗe ido. Wuri ne na sauka daga jirgi, ba na kwana ba. Wanda ke son masallacin Juma'a da shagon naman halal, Koblenz ko Mainz ko Wiesbaden ne masaukinsa.

Mosel

Mosel ƙanwar Rhine ce, a Koblenz take zuba cikinta. Ta fi ta ƙanƙanta, ta fi ta shiru, ta kuma fi ta lanƙwasa: a wasu wuraren kogin yakan yi kewaye har ya kusa haɗuwa da kansa. Hanyarta Moselsteig, an buɗe ta a 2014, kilomita 365 a zango 24, daga Perl a kan iyakar Faransa da Luksambok har Koblenz.

A nan ne ake ganin wahalar noman inabi da ido. Gonar Calmont da ke tsakanin Bremm da Ediger-Eller tana cikin mafi tsaye a duk Turai, gangarenta ya kai digiri 65 a wasu wurare, kuma har yau da hannu ake girbe ta. An yi wa masu tattaki hanya ta cikinta mai tsanin ƙarfe da igiyar waya. Ba sai gwanin hawan dutse ba, amma mai jiri in ya leƙa ƙasa ya haƙura, kowa ma ya haƙura in an yi ruwa. Ƙasar wurin baƙin dutse ne mai falle-falle, da ya jiƙa sai ya zama kamar sabulu, ga busasshen ganye ya rufe shi ba ka ganin inda kake sa ƙafa. Wannan shi ne babban haɗarin Mosel da Rhine duka, kuma maganinsa takalmin tattaki mai ƙwarin ƙasa da sanda. Takalmin ƙwallo ko na gayu ba ya yi.

Mai son tafiya mai sauƙi yana da Burg Eltz. Daga tashar Moselkern a bi rafi cikin kurmi kusan kilomita biyar, sai fadar ta fito kwatsam daga cikin itatuwa. Zuri'a ɗaya ce ke riƙe da ita fiye da shekara 850. Ana rufe ta a farkon Nuwamba sai kuma bazara, kuma wannan ya nuna maka ƙarshen kakar Mosel gaba ɗaya: da Nuwamba ta kama, jiragen yawon kogi sun tsaya, ƙananan masaukai da gidajen abinci da yawa sun sa kwaɗo.

Sufuri rabi da rabi ne, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Daga Koblenz zuwa Cochem har Bullay, jirgin ƙasa na tafiya tare da kogi. Daga nan babban layin ya bar kwarin ya yanke zuwa Trier, sai wani ɗan reshe da ke kaiwa Traben-Trarbach. Bernkastel-Kues, garin da ya fi fitowa a hotuna, ba shi da tashar jirgi, sai bas, kuma bas yana raguwa ranar Lahadi. Marar mota ya tsaya tsakanin Koblenz da Bullay, zai ishe shi mako guda. Ranar hutun ƙafa a je Trier a ga Porta Nigra, ƙofar garin da Rumawa suka gina wajen shekara ta 170, tana nan tsaye.

Kuɗin ɗaki a ƙauyukan Mosel da Rhine kusan ɗaya ne. Mutum biyu su ware Yuro 80 zuwa 120 a dare tare da karin kumallo, sai dai ƙarshen mako a Satumba da farkon Oktoba ɗakuna na ƙarewa saboda bukukuwan girbi. Abin lura: ɗakuna mafi araha a Mosel galibi a gidajen manoman inabi suke, wato kana kwana a sama, rumbun giya na ƙasa. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya nemi gidan haya na hutu, wanda suke kira Ferienwohnung, yana da kicin, ya dafa abinsa.

Sai maganar abin sha. A wannan lokaci za ka ga ana sayar da wani abin sha fari-fari mai kama da kunun zaƙi, sunansa Federweisser. Zaƙi gare shi kamar lemo, amma ruwan inabi ne da ya fara tsima, akwai barasa a ciki, kuma kullum ƙaruwa take. Ruwan inabi zalla sunansa Traubensaft, manoma da yawa suna yin nasu, ya kuma fi na kanti nesa ba kusa ba. Abin da ake ci da Federweisser, wainar albasa mai suna Zwiebelkuchen, yawanci da naman alade a ciki. Kalmomi uku za ka haddace ka guje musu a takardar abinci: Schwein, Speck, Schinken. Miyar da aka rubuta Riesling a sunanta kuma da giya aka dafa ta.

Wachau

Wannan ita ce ƙaramar cikinsu, kilomita 36 kacal na kogin Danube tsakanin Melk da Krems, UNESCO ta karɓe ta a 2000. Hanyar Welterbesteig ta kewaye gaɓa biyun, kilomita 180 a zango 14. Daga Vienna zuwa Krems kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, daga nan bas ke bin kogi zuwa Melk, akwai kuma jiragen fito a Spitz da Weissenkirchen waɗanda ƙarfin ruwa ne ke tura su a jikin waya.

Falalarta ita ce komai kusa yake. Zangon farko daga Krems zuwa Dürnstein bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba, kuma yana ƙarewa a kangon fadar da aka tsare Sarki Richard na Ingila daga ƙarshen 1192, yana kan hanyarsa ta komawa gida daga yaƙin da ya gwabza da Salahuddin Ayyubi. Wanda ya tsallake takobin Salahuddin, sai ga shi ɗan'uwansa Kirista, Leopold na Ostiriya, ya kama shi don kuɗin fansa. Hawan kangon daga gari bai fi rabin awa ba, yara ma na iyawa. Mai son ƙarin wahala yana da tsaunin Jauerling mai mita 960. Wanda ƙafarsa ta gaji kuma ya yi hayar keke, hanyar keke ta Danube shimfiɗaɗɗiya ce.

Ta ɗan fi Jamus tsada, don wurin ƙarami ne kuma mutanen Vienna na cika shi ƙarshen mako. Tikitin wata na Jamus ba ya aiki a nan. Federweisser ɗinsu sunansa Sturm, hukuncinsa ɗaya. Yankin ya yi suna da wani ɗan itace mai kama da ƙaramin mangwaro da suke kira Marille. A Yuli ake girbinsa, da kaka sai dai ruwansa da abin shafa wa burodi. Kwalbar da aka rubuta Brand ko Likör a jikinta barasa ce.

Haɗari biyu. Kaska: Ostiriya na cikin ƙasashen da kaskar daji ke ɗauke da ƙwayar cutar sanƙarau, kuma tana nan har sanyi ya kama sosai, don haka dogon wando, da duba jiki kowace yamma. Jamus ma akwai kaska, shawarar ɗaya ce. Sai ambaliya: a Satumbar 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya mamaye jihar da Wachau take ciki, har zirga-zirgar jiragen ƙasa ta tsaya. Ba kullum ba ne, amma ɗakin da ake iya sokewa kyauta ya fi kwanciyar hankali. Kuma da yake ita ce mafi gabas, rana tana faɗuwa da wuri: bayan an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kafin ƙarfe biyar magariba ta yi.

Douro

A ido, ni dai Douro ce gaba. Tun 1756 aka shata iyakokin yankin inabinta, UNESCO ta karɓe ta a 2001, kuma jirgin ƙasan da ke tashi daga Porto zuwa Pocinho yana bin ruwa dab da dab tun kafin garin Régua har zuwa gaba. Tikiti zuwa Pinhão bai kai Yuro 15 ba, tafiyar awa biyu da rabi. Ga ɗumi: lokacin da ake rawar sanyi a Mosel, a nan riga ɗaya da 'yar ta sama sun isa. Su da kansu suna cewa shekararsu wata tara na sanyi ce da uku na wuta, shi ya sa farkon Satumba bai dace da tattaki ba, zafi da gobarar daji ba su gama wucewa ba. Oktoba ce lokacinta, ko da yake ruwan sama kan fara shigowa.

Amma in tattaki ne ya kawo ka, a nan za ka fi shan wahala. Babu doguwar hanya guda mai alama gari zuwa gari irin ta Jamus. Gajerun hanyoyi ne nan da can, kamar hawan Casal de Loivos daga Pinhão, ko matakala 686 na majami'ar Lamego. Hanyoyi da yawa suna ratsa gonakin masu zaman kansu, wasu a rufe, wasu da karnuka. Jiragen da ke wuce Régua kaɗan ne a rana, bas na ƙauye ya fi su ƙaranci, wuraren kallo masu kyau irin su São Leonardo de Galafura kuma sai da mota ko tasi. Arahar abinci da tikiti sai hayar mota ta cinye ta.

Kuma ita ce inda giya ta fi zama ginshiƙin komai. Masaukai masu kyau yawanci cikin manyan gonakin giya suke, waɗanda ake kira quinta, kuma shirin baƙi a kan ɗanɗana giya aka gina shi. Abinci ya fi sauƙi ta wani ɓangaren, don akwai kifi, musamman busasshen kifin bacalhau, ga zaitun da lemo. Amma miyar ganye ta caldo verde da yankan tsiren alade ake kawo ta. Kalmomin gudu a nan: porco, presunto, chouriço. Masallaci sai Porto.

| | Rhine | Mosel | Wachau | Douro |
|---|---|---|---|---|
| Babbar hanya | km 320, zango 21 | km 365, zango 24 | km 180, zango 14 | gajeru, a warwatse |
| Ba mota | mai sauƙi ƙwarai | Koblenz zuwa Bullay kawai | mai sauƙi | da wuya |
| Tsada | matsakaici | matsakaici | ta ɗan fi | araha, sai an yi hayar mota |
| Wahalar ƙafa | hawa da sauka da yawa | daga mai sauƙi har mai tsani | akwai kowane iri | gajere amma a tsaye |
| Lokaci mafi kyau | ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba | haka nan | ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba | Oktoba har farkon Nuwamba |
| Abin tsoro | santsi, ƙarar jirgi | santsi, jiri | kaska, ambaliya | zafi, ɓata, karnuka |
| Masallaci mafi kusa | Koblenz, Mainz, Wiesbaden | Koblenz, Trier | Krems, Vienna | Porto |

Wani abu da tebur ba ya nunawa: a Jamus da Ostiriya kantuna a rufe suke ranar Lahadi, guzurin Lahadi tun Asabar ake sayensa, kuma ƙananan wurare da yawa tsabar kuɗi suke so. A Fotugal manyan kantuna na buɗewa. Yini kuma gajere ne a ƙarshen Oktoba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, duk a kan hanya za su same ka, don haka gorar ruwa ta biyu da 'yar darduma mai naɗewa su shiga jaka.

Wa ya dace da wace

Wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, ba shi da mota, ba ya jin Jamusanci: Rhine. Ya sauka a Koblenz, ya sayi tikitin wata, ya fara da gajeren zango kafin ya gwada na Loreley. Ribar Koblenz ita ce kogunan biyu a ƙofarta suke, in ƙarar Rhine ta ishe shi sai ya juya Mosel, cikin ƙasa da awa ɗaya yana Cochem.

Mai neman shiru, ko ma'auratan da ke son zama wuri ɗaya su dafa nasu: Mosel, gidan haya tsakanin Cochem da Bullay, daga Litinin zuwa Juma'a don kauce wa cinkoson bukukuwa. In akwai mai tsoron tsayi a cikinku, a bar Calmont a tafi Eltz.

Mai kwana uku ko huɗu kacal, ko mai tafe da yara ko dattijo: Wachau. Ana iya kwana a Vienna ma a riƙa zuwa ana dawowa, ga abincin halal a wadace a can.

Wanda hutunsa ya faɗo ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ko wanda sanyi ke tayar masa da ciwon gaɓɓai, ko wanda kallo ya fi so a kan tafiya: Douro. Yana da lasisin tuƙi, ya yi hayar mota daga Régua. Ba shi da shi, ya kwana a Porto, ya hau jirgin safe zuwa Pinhão, ya zauna a kujerar hannun dama don ita ce ta gefen kogi, ya kuma rubuta lokacin jirgin ƙarshe na dawowa kafin ya fara hawan Casal de Loivos.